Yadda Ake Gano Matsalar Wutar Babur Mai Yawan Dawowa

Idan babur ya cinye batir biyu ko uku a shekara, ko yana ƙona ƙwan fitila a kai a kai, sai ka ji mai shi yana cewa kayan yanzu ne ba su da kyau. Akwai jabu a kasuwa, babu musu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ya mutu ba shi ne mai laifi ba, kashe shi aka yi, kuma muddin ba a kamo abin da ya kashe shi ba, sabon da aka ɗaura ma hanyar zai bi. Haka abin yake ga Boxer da TVS na 'yan acaba, haka yake ga roba-roba da Haojue na zuwa ofis, domin tsarin wutarsu kusan ɗaya ne.

Koyil ɗin da ke cikin injin shi ke haifar da wuta idan magineto yana juyawa. Rektifaya ta karɓa, ta mayar da ita irin wadda batir ke sha, ta kuma hana ta wuce kima. Batir kuwa randa ce kawai, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Idan ka same ta a bushe kullum, ko dai ba a zuba mata, ko tana yoyo, ko wani yana ɗiba da dare. Binciken duka a kan waɗannan ukun yake.

Kafin ka taɓa sifana, fara da lura. Yaushe matsalar take zuwa? Da safe bayan babur ya kwana, ko bayan injin ya ɗauki zafi? Bayan ruwan sama ko wanki? Idan ka karya kai hagu, ko idan ka faɗa rami? Rubuta a waya tare da kwanan wata da lambar kilomita. Mutane suna raina wannan matakin, alhali shi ne rabin aikin. Babur ɗin da ke mutuwa idan ya yi zafi, ya huce kuma ya tashi lafiya, yana nuni ga CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ko koyil ɗin fulogi. Wanda ke ɗauke wuta idan an juya kai, waya ce ta karye a wuya, inda take lanƙwasawa kullum.

Sai ka nemi mita, irin ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo, wadda kuɗinta bai kai na batir ba. Juya ta zuwa DC 20, ja a kan fozitif, baƙi a kan negetif, bayan babur ya huta wasu awanni. Cikakken batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6. Idan ya yi ƙasa da 12, ya sauka sosai, a yi masa caji tukuna, don duk awon da aka yi da batir marar caji ƙarya zai faɗa. Bayan caji, danna sitata kana kallon mita. Idan ta faɗi ƙasa da 10, batir ɗin ya gaji. Batir ɗin mai ruwa ne? Duba ko ruwan ya sauka, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan famfo.

Awo na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne faɗin gaskiya. Tayar da injin, ka ɗan murɗa totur, mita tana nan a kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai, ba ta motsi, batir ba ya samun caji, kuma ko guda goma ka saya haka za su ƙare. Idan ta haura 15, rektifaya ta daina riƙe wuta. Ita ce ke ƙona ƙwai, ta tafasa batir har ya kumbura. Abin da ke ɓoye wannan cuta shi ne kik. Yawancin ƙananan babura suna tashi da kik ko batir ya mutu, sai mai shi ya ci gaba da hawa wata da watanni, yana ganin ai babur na tafiya.

Idan caji ba ya shiga, kada ka yi saurin yanke wa rektifaya hukunci. Zare soket ɗin da ke tsakaninta da koyil ɗin cikin injin ka duba. Sau tari za ka tarar da robar ta narke ko bakin ƙarfen ya yi kore da tsatsa, kuma gyaransa gogewa ce da matsewa. Idan soket lafiya, juya mita zuwa AC ka auna wayoyin da suka fito daga koyil: dole lambar ta riƙa hawa yayin da kake ƙara totur. Ba ta hawa, koyil ne. Tana hawa amma batir bai gani ba, rektifaya ce ko wayar da ke tsakani. Adadin da ya dace ya bambanta daga babur zuwa babur, a littafin gyaransa ake samu.

Caji yana shiga daidai amma batir yana kwana ya sauka? To akwai mai ɗiba da dare. Kashe makulli, cire wayar negetif, ka sa mita a tsakani a ma'aunin amfiya. Kada ka danna sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Babur marar ƙari kusan sifili zai nuna. Idan akwai ja, fara da abubuwan da aka liƙa daga baya: cajar waya, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, fitilun ado, sifika. Cire su ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Yawancinsu an fere waya ne an murɗa an naɗe da salatif, kuma damina ɗaya ta isa ta lalata haɗin.

Kada a manta da wayar negetif da ke ɗaure a jikin firam ko injin. Noti ɗaya mai tsatsa a nan yana iya sa sigina ta rikice, ham ya shaƙe, sitata ta yi ƙas-ƙas ta tsaya. Kwance, goge har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau.

Batun fis kuwa, ina roƙo da babbar murya: a daina naɗa masa takardar sigari ko zaren waya. Fis da ke yawan ƙonewa yana gaya maka wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma wataƙila kusa da tankin mai take. Dabarar masu riwaya na ƙwarai ita ce su haɗa ƙwan fitila a gurbin fis, su bi wayoyi suna girgizawa. Inda ƙwan ya haska da ƙarfi, nan gogewar take.

Idan babur sabo ne kuma yana cikin garanti, tsaya a kan awo da lura, kada ka bari kowa ya yanka waya, domin da wannan hujjar ake soke garanti. Karanta takardar da kyau, sau da yawa wa'adin batir da kayan wuta ya fi na injin gajarta. Ka tafi wurin dila da rasit, da littafin sabis, da abin da ka rubuta. Matsalar da ke zuwa ta tafi ba ta cika bayyana a gaban bakanike ba, saboda haka ɗauki bidiyo lokacin da take faruwa, mita tana fitowa a ciki.

Yadda ka yi bayani yana sauya aikin da za a yi maka. Wanda ya ce “Oga, batir ɗina ya mutu,” batir za a sauya masa. Wanda ya ce “Oga, wannan ne batir na biyu, kuma na auna, caji ba ya wuce 12.3 ko na ba shi wuta,” ya tilasta a duba rektifaya da koyil. Nemi a rubuta ƙorafinka a katin aiki da kalmominka, a ba ka kwafi. Idan kai ka biya, tsohon kayan naka ne, karɓe shi. Idan garanti ne za su riƙe don mayar wa kamfani, amma a nuna maka, a rubuta sunan abin da aka sauya. Kafin ka fita daga harabar, a ɗora mita a gabanka injin yana aiki. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Da yawansu ma ba mugunta ce ke sa su sauya kaya barkatai ba, layi ne ya yi tsawo, kuma sauya batir minti biyar ne, bin waya kuwa yini guda.

Matsala ɗaya ta dawo karo na uku, magana ta bar hannun bakanike. Nemi manaja cikin mutunci, ka miƙa takarda mai jere da kwanakin zuwanka da abin da aka yi kowane karo, ka nemi a sauya wayarin gaba ɗaya ko a kira injiniyan kamfani. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi idan dila ya ƙi. Abin da za su fara nema shi ne rasit da kwafin katunan aikin nan, don haka ka adana su a gida, ba a ƙarƙashin sit inda ruwa zai same su ba.