Yadda Ake Sa Ɗakin Sanyin Tumatir Ya Riƙa Kula da Kansa

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mai da Bunkure da Kura da Garun Malam ƙasar noman rani. Amma wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ya ga kwanduna jere a rana suna tsiyaya kafin motar Legas ta cika, ya san inda gumin manomi ke zurarewa. Ɗakin sanyi na rage wannan asara, in akwai abin da zai riƙa kunna injin da kashe shi bisa ƙa'ida, ko mai ɗakin yana can bakin kwata yana ban ruwa.

Kayan ba su da yawa: 'yar kwamfutar ESP32, wadda ba ta fi kwalin ashana ba sosai, da ma'aunin zafi DS18B20 mai bakin ƙarfe, da rile da kontakta masu kunna injin da kashe shi, da SIM800L mai aika saƙo. Haɗa kontakta da kwamfuresa, wato injin sanyin, aikin mai gyaran lantarki ne, kada ka yi masa karambani.

Fara gwada ma'aunin. Tsoma bakinsa a kofin ƙanƙara da ɗan ruwa. Ya kamata ya nuna kusan sifiri. Sai ka rataye shi tsakiyar kwanduna, nesa da ƙofa da bakin fanka.

Daga nan sai rubuta umarni a manhajar Arduino. Ka ce wa na'urar ta duba zafi duk daƙiƙa 30. In ya kai digiri 14 ta kunna, in ya sauka 12 ta kashe. Lamba biyu ake sawa, ba ɗaya ba, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. In ka ce 13 kawai, injin zai yi ta tashi yana mutuwa har ya ƙone. Ƙara masa da sharaɗin cewa in ya tsaya, sai ya huta minti biyar kafin ya sake tashi.

Kada ka biye wa masu cewa a ƙure sanyi. Tumatir ba nama ba ne. In ya daɗe ƙasa da digiri 10, ɗanɗanonsa kan gushe, ɗanyen ya ƙi nuna da kyau, kuma ana fito da shi sai ruɓa.

Akwai wata lamba da nake so ka riƙe: -127. Ita na'urar ke karantawa in wayar ma'aunin ta tsinke, ko ɓera ya ci ta. In ba ka gargaɗe ta ba, sai ta ɗauka ɗakin ya daskare, ta kashe injin ta yi shiru, kaya na dahuwa. Rubuta cewa duk sanda ta ga wannan lamba, ko zafi ya haura 18, ta turo maka saƙo ta SIM800L mai ɗaukar layin waya. Ba ta batirinta daban, don ta iya sanar da kai ko an ɗauke wuta.

Kafin ka zuba kwando ko ɗaya, jera jarkokin ruwa a ɗakin a madadin tumatir kwana biyu, kana duba lambobin safe da azahar da tsakar dare.