Darasi na Takwas: Yada Zango a Ƙauye

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wannan darasi za mu tashi daga Shabu, a arewa da garin Lafiya, mu nufi Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba. Ku lura da hanya, ku kuma lura da kalmomin da matafiyi yake bukata.

Idan kun bar Shabu a mota, za ku ratsa Nasarawa Eggon, inda duwatsun Eggon suke tsaye a gefen hanya. Daga nan sai Akwanga, sannan ku karkata gabas zuwa Wamba. Bayan Wamba hanya ba ta da kyau, musamman da damina. A ƙarshenta ne ruwa yake zubowa daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 150, fari fat, shi ya sa ake kiransa Farin Ruwa.

A wannan hanya za ku haɗu da Eggon da Mada da Rindre, kowa da harshensa. Amma a kasuwa da tasha, yawanci da Hausa ake fahimtar juna. Saboda haka Hausar da kuke koyo a aji ita ce guzurinku na farko. Sauran guzurin su ne tanti da tabarma da gidan sauro da tocila da jarkar ruwa.

Tsayawa a kwana a kan hanya shi ake kira yada zango. Kalmar tsohuwa ce. A da, fatake sukan tashi daga Kano da jakuna zuwa Gwanja domin sayen goro, wasu kuma su zo Keana da Awe domin gishiri. Shugaban ayari shi ne madugu, shi yake zaɓar wurin kwana, shi yake neman izinin masu gari. Har yau a ƙasar Gana ana kiran unguwannin da baƙi 'yan kasuwa suka kafa Zongo.

Wannan ƙa'ida ba ta canza ba. Kada ku kafa tanti a filin kowa kafin ku gaishe da mai unguwa. Wanda ya sauka da dare ba sallama, ana iya ɗaukarsa ɓarawo. Ku isa kafin faɗuwar rana, ku yi magana kamar haka:

Matafiyi: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da yamma.
Mai unguwa: Barka kadai, yaro. Daga ina, zuwa ina?
Matafiyi: Mu ɗalibai ne daga Shabu, za mu Farin Ruwa. Muna roƙon wurin da za mu kwana.
Mai unguwa: Madalla. Ku sauka a filin makaranta, ga rijiya nan kusa.
Matafiyi: Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Idan an ba ku wuri, kada ku hura wuta kusa da rumbu ko busasshiyar ciyawa. Kada ku taka gona, kada ku ɗauki hoton mutum sai da yardarsa. In hanya ta rikice muku, ku tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Da safe ku share wurin, ku koma ku yi ban kwana. Halin da kuka nuna shi zai sa a karɓi baƙon da zai zo bayanku, ko a kore shi.

Aiki
1. Mene ne ma'anar zango, madugu, ayari da guzuri?
2. Me ya sa ake gaishe da mai unguwa kafin a kafa tanti?
3. Ku rubuta jimloli biyar da suka fara da "Kada ku".
4. Ku tashi biyu-biyu ku gwada hirar da ke sama a gaban aji.