'Yar'uwarki da ba ta samu ciki ba

'Yar'uwa mai juna biyu, wataƙila ki yi mamakin ganin darasi kan rashin haihuwa a takardar da aka ba ki wajen awo. Dalili shi ne, da wuya a ce a gidanku ko danginku babu wadda ke jiran abin da Allah ya ba ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan fuskanci wannan matsala a rayuwarsa. Ranar da cikinki ya fito ita za a fara kallo, ranar suna kuma ita za a yi wa habaici.

A asibiti muna cewa akwai matsala ne idan ma'aurata sun shekara suna tare, suna saduwa a kai a kai, ba sa tsarin iyali, amma ciki bai shiga ba. Idan matar ta wuce shekara 35, wata 6 ya isa su zo. A lura da kalmar "tare". Matar da mijinta ke ci-rani a Legas, sai da salla yake leƙowa, ba ta yi jinkiri ba. Amaryar wata 4 kuwa, a ƙyale ta ta huta da tambaya.

Iyayen miji, nan ne nake son ku tsaya. A kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, yawan ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsa da lafiyarsu daban. Ciwon sanyin da ba a yi magani ba, hangum da ya kama shi bayan ya balaga, ko kumburin jijiyoyin maraina, duk suna iya rage su, shi kuwa yana jin garau. Gwajinsa shi ne mafi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a duba. Amma sau da yawa matar ce ke zuwa ita kaɗai, a ɗebi jininta, a yi mata hoton mahaifa mai ciwo, shi ko ƙofar asibiti bai taka ba. Wani sai ya ƙara aure, ta biyun ma shiru, sannan ya yarda. Kafin nan ta farkon ta sha sunan juya na shekaru, wata ma an sake ta. A ganina wannan zalunci ne. Sakamakon gwaji kuma sirrin ma'aurata ne, ba ma gaya wa uwar miji ko uwar mata sai da izininsu.

Ke mai ciki, ba sai kin ɓoye mata farin cikinki ba. Ki gaya mata da bakinki kafin ta ji a waje. Kada ki ce "ke ma ki dage", don ba ƙoƙari ta kasa ba. Idan ta ƙi zuwa suna, ki yi mata uzuri. Idan kuwa kika ga ta daina barci, ta daina cin abinci, tana yawan kuka ko cewa gara ta mutu, a kawo ta asibiti. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Gori ne ke tura mata wajen da ake cutar da su. Yankan gishiri ba ya kawo ciki, yoyon fitsari yake iya kawowa. Matsi da kanwa ko ganye yana ƙona gaba. Ƙwayar sa ƙwai ya fito, in an saya a kemis ba da likita ba, tana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Wanda ya ce miki cikinki ya kwanta shekara 2 kuma hoto ba zai gan shi ba, kuɗinki yake so.

Akwai dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF. A haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a mayar cikin mahaifa. Jaririyar farko da aka samu ta haka an haife ta a Ingila a 1978. Malaman Musulunci da dama sun halatta shi idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, kuma auren yana nan, sun kuma hana karɓar na wani. Majami'un Kirista sun bambanta a kai. Ku tambayi malaminku ko fastonku, ku kuma tambayi likita ƙarara na wa za a yi amfani da shi, kuma nawa za a dasa, don 'yan biyu da 'yan uku sun fi zuwa bakwaini. Yana da tsada, sau da yawa ba ya kamawa a karon farko, kuma sa'a tana raguwa da shekarun mace. Kada a sayar da gona sai an ji wannan.

Ke ma darasin ya shafe ki. Mata da yawa da ke zuwa wajenmu sun taɓa haihuwa, sai ta tsaya, saboda cutar da ta shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari ta toshe hanyar da ƙwai ke bi. Ki haihu a hannun ƙwararru. In kin ji zazzaɓi, ciwon mara ko jinin biki mai wari, ki dawo asibiti a ranar, kada ki jira arba'in.