Sai An Tambaye Ta: Darasi a Kan Yardar 'Ya Mace Wajen Aure

Karatu: Farawa 24:50-61, Luka 1:26-38



A duk lokacin da muka taru a coci domin ɗaurin aure, kafin ango da amarya su yi wa juna alkawari, Fada yakan tambaye su ko da son ransu suka zo, ba tare da wani ya tilasta musu ba. Yawancinmu mun saba da jin wannan tambaya har mun daina sauraronta, hankalinmu yana wurin anko da waƙoƙin Zumuntar Mata. Amma a kan amsarta ne auren yake tsaye. In babu yarda babu aure, ko da coci ya cika maƙil, ko da an yanka saniya. Da yake 'ya mace ce aka fi danne wa murya a wannan sha'ani a ƙasashenmu na Afirka, darasinmu na wannan wata zai duba abin da bangaskiyarmu take koyarwa game da yardarta, da yadda koyarwar ta taɓa dokokin ƙasashe, da kuma wuraren da mu kanmu muke yin tuntuɓe.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

Tun daga farko an faɗa mana cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, namiji da ta mace (Farawa 1:27). Darajarsu ɗaya ce, domin daga hannu ɗaya suka fito. Wanda aka yi cikin kamannin Allah kuwa ba kaya ba ne da za a ba da shi kyauta, ko a biya bashi da shi.

Mu dubi labarin Rifkatu. Bawan Ibrahim ya zo neman aure domin Ishaku, Laban da Betuwel sun amince, an kuma ba da kyautai masu tsada. Bisa ga al'ada, magana ta ƙare. Amma da gari ya waye, bawan ya nemi ya kama hanya, mutanen gida kuwa suna so yarinyar ta ƙara kwanaki, sai suka kira ta domin su ji daga bakinta ko za ta bi mutumin. Sai da ta amsa sa'an nan aka sa mata albarka ta tafi.

Labarin Budurwa Maryamu ya fi wannan girma. Allah Mai Iko Duka, wanda ba ya bukatar iznin kowa, ya aiko mala'ika Jibra'ilu wurin wata yarinya a Nazarat. Ta yi tambaya, aka ba ta amsa, sa'an nan ta yarda. In Ubangiji da kansa ya jira amsar baiwarsa, wane uba ne a cikinmu zai ce tambayar 'yarsa ƙasƙanci ne a gare shi?

Abin da dokar Ikilisiya ta tanada

A ƙarni na 12 masanan Ikilisiya sun yi muhawara a kan abin da yake ƙulla aure. Paparoma Alekzanda na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, ya tabbatar cewa yardar mutanen biyu ita ce take ƙulla shi. A shekarar 1563 Majalisar Tarent ta ƙara da cewa dole a furta wannan yarda a gaban firist da shaidu, domin kada a yi ta a ɓoye, a kuma yi musunta daga baya.

Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ya riƙe wannan koyarwa. Doka ta 1057 ta bayyana cewa babu wani iko na ɗan Adam da zai iya ba da yarda a madadin ango ko amarya. Uba ba zai iya ba, sarki ba zai iya ba, Bishof ma ba zai iya ba. Doka ta 1103 ta nuna cewa auren da mutum ya shiga saboda tilas, ko saboda matsanancin tsoro da wani ya jefa shi ciki, bai ƙullu ba. Doka ta 1089 kuma ta hana namiji auren macen da aka sato ko aka tsare domin a aura masa, sai an raba ta da shi, an kai ta wurin da take da kwanciyar rai, ta zaɓa da kanta.

Game da shekaru, doka ta 1083 ta sa 16 ga namiji da 14 ga mace a matsayin iyakar da in an yi ƙasa da ita aure ba ya ƙulluwa sam. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin izni. Dokar ta shafi duniya duka, ta kuma ba taron Bishof-bishof na kowace ƙasa ikon ɗaga shekarun. Doka ta 1072 ta umurci makiyaya su ja hankalin matasa daga auren wuri, doka ta 1071 kuma ta hana firist ɗaura auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba, sai da iznin hukumar dayosis.

Yadda koyarwar ta shiga dokokin Afirka

A zamanin mulkin Faransa, a ƙasar Mosi da ke Burkina Faso ta yau, akan yi alkawarin yarinya tun tana ƙarama. 'Yan mata da dama da suka ƙi mijin da aka zaɓa musu sun gudu zuwa gidajen mishan, Bishof Thévenoud na Wagadugu kuwa ya tsaya musu, ko da yake wannan ya jawo masa saɓani da sarakuna da ma'aikatan gwamnati. Wata Sista mai digirin dakta a fannin shari'a, Sista Marie-André, ta yi nazarin rayuwar matan yankin, ta kai kukansu gaban 'yan majalisa a Faris. Ƙoƙarinta yana cikin abin da ya haifar da dokar Mandel ta 1939, wadda ta shafi ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Dokar ta ce aure ba ya inganta sai da yardar su biyun, ta kuma hana a tilasta wa gwauruwa zama a hannun magajin mijinta. A 1951 dokar Jacquinot ta biyo baya domin rage ikon iyaye masu tsawwala kuɗin aure. Doka ce ta 'yan mulkin mallaka, ba ta kuwa kai ƙauyuka da yawa ba, amma ta buɗe ƙofa.

Bayan samun 'yancin kai, Afirka ta yi magana da bakinta. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 da Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata sun sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi haka, tare da tarar naira 500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyu, ga wanda ya aurar da yaro ko yarinya. Jihohi kuma suka yi ta karɓarta ɗaya bayan ɗaya. Bishof-bishof na Afirka ma, a taronsu na Roma a 1994, sun yi tir da al'adun da suke tauye wa mata haƙƙi, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuwa ya tabbatar da maganarsu a wasiƙar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995.

Duk da haka aiki yana nan. Binciken lafiyar iyali na 2012 a Nijar ya nuna cewa kimanin mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin su cika 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba takan daɗe cikin naƙuda, kan jariri ya danne mafitsara har nama ya mutu, ta ƙare da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san yawan hawayen da ke bayan wannan ciwo.

Inda muke yin tuntuɓe

Yana da sauƙi mu nuna wasu da yatsa, amma tilas takan shigo gidajenmu ita ma, sau da yawa sanye da rigar addini. Mukan tuna wa 'ya doka ta huɗu, mu ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne shawarar iyaye tana da nauyi, 'ya mai hankali kuwa za ta saurare su. Amma Manzo Bulus da ya ce 'ya'ya su yi biyayya, nan take ya gargaɗi iyaye kada su matsa musu har su karai (Kolosiyawa 3:20-21). Uwar da ta ce za ta tsine wa 'yarta in ta ƙi wane, ta ƙetare iyakar shawara.

Talauci ma yakan tura mu. An karɓi kuɗin aure, an ci, babu halin mayarwa, sai a cire yarinya daga makaranta. Haka kuma idan yarinya ta yi ciki kafin aure, mukan yi gaggawar ɗaura mata aure domin rufe kunyar gida. Zunubi yana bukatar tuba, jaririn yana bukatar kulawa, amma ciki shi kaɗai ba dalilin aure ba ne. Idan kuwa fyaɗe aka yi mata, miƙa ta ga wanda ya cuce ta zalunci ne a kan zalunci. Sai kuma gwauruwa, wadda dangin miji sukan ce ko ta auri ƙanen mijin ko ta bar gida da gona. Bulus ya koyar cewa in miji ya mutu, matar tana da 'yanci ta auri wanda take so, cikin Ubangiji (1 Korantiyawa 7:39).

Abin da ya kamace mu

Binciken da Fada yake yi kafin aure da shelar da ake yi a coci ba cika ƙa'ida kawai ba ne. Ya kamata a ga amarya ita kaɗai, a ba ta lokaci, domin mun san kunya takan rufe bakin 'ya'yanmu, shiru kuwa ba kullum yake nufin yarda ba. Doka ta 1069 ta ɗora wa kowane mai bi nauyin sanar da Fada in ya san wani abin da zai hana aure. Katikis da iyayen baftisma da shugabannin Zumuntar Mata su ne suka fi sanin abin da ke faruwa a gidaje, kada su yi shiru don gudun ɓacin ran maƙwabci.

Ga 'yan'uwanmu mata da aka riga aka yi wa auren dole, ƙofa a buɗe take. Kotun aure ta dayosis tana iya bincikawa ta bayyana cewa auren bai ƙullu ba tun farko, a 2015 kuma Paparoma Faransis ya sauƙaƙa hanyar wannan bincike. Mu raka su wurin Fada, mu daina yi musu kallon masu kashe aure.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin shawarar iyaye da tilas? Mu kawo misali daga al'adar garinmu.
2. Idan yarinya a ƙungiyarmu ta yi ciki kafin aure, wane taimako za mu ba ta ita da iyayenta?
3. Yaya ake yi da gwauraye a danginmu, me ya kamata mu gyara?

Mu yi addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka jira amsar baiwarka Maryamu, ka ba iyaye haƙurin sauraron 'ya'yansu, ka ba 'ya'yanmu mata ƙarfin hali su faɗi gaskiyar zuciyarsu, ka kuma ta'azantar da waɗanda aka aurar cikin kuka. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.