Hukuncin Kamun Manyan Kifayen Teku Don Wasa: A Riƙe Ko A Saki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya hore mana tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wata gardama da ta daɗe tsakanin masu kamun kifi don nishaɗi a ƙasashen bakin teku. Gardamar kuwa ita ce: in mutum ya kama ƙaton kifin nan da ake kira malin, ya kashe shi ya kai gaɓa, ko kuwa ya sake shi ya koma ruwa? Ko da yake ba kowa ne zai taɓa ganin wannan kifi ba, hukuncin da ke cikin mas'alar ya hau kan duk wanda ya taɓa ɗaukar fatsa, ko baka, ko bindiga, don ya kama wani mai rai.

Malin kifi ne mai dogon baki mai tsini kamar mashi, yana zaune a tekuna masu ɗumi. Yana da gudu da ƙarfi ƙwarai, in ƙugiya ta kama shi sai ya dinga tsalle sama da ruwa, a yi sa'o'i ana ja-in-ja da shi. Wannan kokawa ita ce abin da attajirai ke biyan kuɗi mai yawa su je nema a Kona ta tsibiran Hawai, da Kens ta Ostareliya, da Kabo San Lukas ta Meziko, da tsibiran Kef Bad na yammacin Afirka. Akwai ƙungiya mai suna IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ce mai ajiye lissafin wanda ya fi kowa kamu. A littafinta har yau ba a wuce baƙin malin da wani Ba'amurke, Alfred Glassell, ya kama a Kabo Bulanko ta ƙasar Peru a 1953 ba, mai nauyin laba 1,560, watau kilo 707. A tekun Atilantika kuwa shuɗin malin da aka kama kusa da Bitoriya ta ƙasar Burazil a 1992 ya kai kilo 636.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan manya-manyan mata ne, domin namijin malin da wuya ya kai kilo 200. Macen kuwa gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwanta, har takan zuba miliyoyi. Saboda haka wanda ya kashe ƙatuwa ɗaya ya kashe uwa mai zuriya. Ga shi kuma adadinsu ya ragu, galibi saboda jiragen kasuwa masu shimfiɗa mamari na mil da mil don kama wasu kifaye, malin ya faɗa ciki. A 2011 ƙungiyar IUCN ta sa shuɗin malin cikin jerin halittun da ake jin tsoron raguwarsu, a 2012 kuma Amurka ta kafa dokar hana shigo da namansa da sayar da shi a ƙasar, ban da ɗan sassauci da aka yi wa Hawai da wasu tsibirai. Wannan shi ya ƙarfafa masu cewa a saki.

Mu fara da asalin hukunci. Kamun kifi halal ne, babu saɓani. A Suratul Ma'ida, aya ta 96, Allah Ya halatta farautar teku da abincinsa har ga mai harama da aikin Hajji, a Suratun Nahli, aya ta 14, kuma Ya ambaci ɗanyen naman teku cikin ni'imominSa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Girman kifi ba ya hana cinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, wadda yunwa ta galabaitar har suna cin ganye, sai teku ya jefo musu wani ƙaton kifi da ake kira Anbar. Suka yi kusan rabin wata suna ci suna shafa kitsensa, suka kai saura Madina, Annabi ya ci daga ciki. Don haka masuncin da ya fita da jirginsa a gaɓar Gana ko Sanigal ya kamo malin, ya ci, ya sayar, ya ciyar da iyali, babu wanda zai zarge shi matuƙar bai ƙetare dokar ƙasarsa ba.

Magana tana canjawa ne in abin ya koma wasa. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don shagala makaruhi ce, wadda ba don shagala ba kuwa halal ce. Shehu Halilu a Muhtasar ya ƙara tsanantawa, ya hana farautar dabbar da ake ci in babu niyyar yanka ta a amfana da ita. Tushen wannan kuwa hadisai ne. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi ya hana a mai da abu mai rai abin gwada harbi. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi, aka fassara haƙƙin da cewa ya yanka ya ci, kada ya cire kai ya yar. A Suratul An'am, aya ta 38, an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Kifi ma yana cikin wannan rahama, don kuwa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausu.

In muka auna ɓangarorin biyu da wannan ma'auni, sai mu ga kowanne yana da inda ya dace da inda ya kauce. Wanda ya kashe uwar malin don kawai a rataye ta a ma'auni, a ɗauki hoto, a ba shi kofi, sa'an nan naman ya ruɓe a rana ko a mai da shi teku, wannan ya haɗa laifi uku: kisa ba da haƙƙi ba, da almubazzaranci wanda Suratul A'araf, aya ta 31, ta hana, da kuma alfahari. In kuwa ya raba naman ga mabukata, ko aka sayar inda doka ta yarda, to, kamunsa ya zama abinci, sai dai a ce ya bar abin da ya fi, tun da akwai ƙanana da za su ƙosar ba tare da an taɓa iyayen ba.

Mai saki shi ma kada ya ɗauka ya wanke kansa sarai. In tun daga gida niyyarsa ita ce ya soki mai rai da ƙugiya, ya gajiyar da shi sa'a uku ko huɗu don jin daɗin kokawar, sa'an nan ya sake shi, to, wace fa'ida ya nema ban da shagala? Kifin da aka wahalar yakan koma ruwa a galabaice, wani ya mutu daga baya, wani kifayen shak su yayyage shi. Irin ƙugiyar ma tana da tasiri. A wani bincike da masana suka buga a Amurka a 2005, an bi sawun fararen malin 40 da na'urori masu aiko da labari ta tauraron ɗan adam. Guda 20 da aka kama da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke maƙalewa a gefen baki, duk sun rayu. Daga cikin 20 da aka kama da ƙugiyar gargajiya, wadda kifi ke haɗiyewa ta yage masa ciki, 7 sun mutu. Tun 2008 Amurka ta wajabta ƙugiya mai zobe a gasar kamun malin ta tekun Atilantika ga mai amfani da koto na kifi.

Saki yana zama aikin lada a wurare biyu. Na farko, mutum ya fita neman abinci sai uwa ta faɗa ƙugiyarsa, ya ga ba ya bukatarta ko doka ta hana, ya sake ta don zuriyarta ta wanzu. Na biyu, kamun da ake yi don a sa wa kifi alama a san tafiyarsa da yawansa, aikin da aka soma a Amurka tun 1954. Wannan neman ilmi ne mai amfani, kuma maslaha ce ta jama'a. Wanda zai saki, wajibi ne ya yi amfani da igiya mai ƙarfi don kokawar ta gajarta, kada ya ɗago kifin cikin jirgi don hoto, ya riƙe shi a ruwa jirgi na tafiya sannu-sannu har ya farfaɗo. In kuwa ya ga rauni ya yi tsanani, gara ya gaggauta kashe shi a ci, in doka ba ta hana ba, da ya jefar da shi ya mutu a banza.

Sauran abu ɗaya, shi ne kuɗin gasa. A manyan gasanni irin ta garin Oshan Siti a Amurka, wadda aka fara a 1974, kyauta takan kai miliyoyin daloli, kuma daga kuɗin da masu shiga suka zuba ake tara ta. Duk gasar da kowa zai zuba nasa, ɗaya ya kwashe, sauran su tashi a tutar babu, a ƙa'idar malamanmu caca ce. Kyautar da hukuma ko wani na gefe ya bayar daban take. Haka nan kwaɗayin irin wannan kuɗi shi ne ke sa a kashe abin da ba a bukata.

Jama'a, mu kiyaye. Suratur Rum, aya ta 41, ta gaya mana ɓarna takan bayyana a tudu da teku saboda abin da hannuwan mutane suka aikata. Kafin mutum ya jefa ƙugiya ko ya ɗana tarko, ya tambayi kansa me yake nufi da ran da zai taɓa. In abinci ne, ya ambaci Allah ya ɗauki gwargwadon bukatarsa. In kare zuriya ne, ya saki da tausayi. In kuwa wasa ne kawai, to, ya nemi wani wasan, ga sukuwa ga ninƙaya ga harbin bango, duka shari'a ta yarda da su.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunSa, Ya jiƙanmu ranar da za a tambaye mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.