Darasin Kiwon Lafiya: Tsare Ƙashi Bayan An Sa Kafaɗar Ƙarfe

A hutun da ya wuce ni na yi jinyar yayar mahaifina, wadda likita ya sauya wa gaɓar kafaɗa. Na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, gama mu da za mu zama malamai, mu mutanen gari za su riƙa tambaya.

Aikin nan ba sabo ba ne. Wani likitan Faransa, Jules Péan, ya yi shi a birnin Faris tun 1893. Akan yanke kan ƙashin damtse da ya lalace, a sa ƙwallon ƙarfe mai ƙota, ƙotar ta shiga ramin ɓargo. A 1985 kuma Paul Grammont ya fito da wani iri, inda ake juya gaɓar, ƙwallon ya koma jikin allon kafaɗa. Irinsa aka yi wa Gwaggo.

To, ƙarfen yana da ƙarfi, amma ƙashin da ke riƙe da shi tsohon ƙashi ne. Wuri biyu ya fi karyewa. Na fari damtse, daidai inda ƙotar ta ƙare, in mutum ya faɗi. Na biyu ƙashin da ke bisa kafaɗa, wanda kan tsage kaɗan kaɗan saboda jan da tsoka ke yi masa. Tsofaffin mata, waɗanda ƙashinsu ya yi sakayau, su suka fi shiga wannan hatsari.

Ga dokokin da aka ba mu:

1. A rataye hannun a wuya mako huɗu zuwa shida, yadda likita ya ce.
2. Kada a dafa ƙasa da hannun sa'ad da za a tashi. Domin haka muka raba Gwaggo da tabarma, muka ba ta kujera.
3. Ban da daka, da jan guga, da ɗaukar tulu, sai likita ya yarda.
4. A kawar da abin tuntuɓe da santsi, a bar fitila da dare.
5. A sha nono, a ci kifi, a sha hantsi, a bar taba. In likita ya ba da maganin ƙarfafa ƙashi, kada a yi fashinsa.

A wata na uku Gwaggo ta ji sauƙi, ta faki idona ta ɗauki taɓarya. Washegari sai zafi a bisa kafaɗar. Dangi suka ce a kira maɗori. Na ƙi, ko da ya ke ni ne ƙarami, gama maɗori ba ya ganin ƙarfen da ke ciki. Muka koma asibiti, hoto ya nuna 'yar tsaga. Aka sake rataye hannun, ya kuwa warke.

'Yan'uwana ɗalibai, in kun ga mai irin wannan aiki ya ji sabon zafi farat ɗaya, kada ku bari a ja hannun ko a murza. Ku kai shi a ɗauki hoto tun a ranar.