"Da Sauƙi" Ba Ya Isar Likita

'Yan'uwa mata, shekara huɗu ke nan ina jinyar ƙanwata. Ciwon nata likitoci na kiransa maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa katsewa kafin ya isa ƙafa ko hannu ko ido. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin Turai da Kanada, a nan ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ya fi kama mata.

Da farko, duk zuwanmu asibiti in likita ya ce "Ya jiki?", sai mu ce "Da sauƙi." Haka aka koya mana. Ran nan ya tambaye ni ko tafiyarta ta ragu daga zuwanmu na baya, na yi tsuru-tsuru. Ai wadda ke tare da mara lafiya kullum ba ta ganin raguwar, kamar yadda ba kya ganin girman yaron da ke gabanki.

Su likitoci suna da ma'auni mai suna EDSS, wanda wani likitan Amurka, John Kurtzke, ya fitar a 1983. Daga 0 yake zuwa 10. A mataki na 4 mutum na iya tafiyar mita 500 ba sanda ba hutawa. A na 6 sai da sanda zai yi mita 100. A na 7 ba ya wuce mita 5, ya koma keken guragu. Likita ke sa lambar, amma labarin gida daga bakinki zai ji.

To, sai na sayi ƙaramin littafi irin na asusunmu. Duk Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, takan taka daga ɗakinta zuwa zaure ta dawo. Ina rubuta sawu nawa ta yi kafin ta nemi zama, da ko ta dafa bango. Ma'aunin likita ya fi karkata ga ƙafa, ni kuwa na ga hannu ma abin lura ne: tana iya ɗaura ɗankwali? Cokali na suɓuce mata? Na ƙara da riƙe fitsari, da gani, da gajiya. Wadda ba ta rubutu, ta ja layi-layi ko ta sa ɗanta ɗan makaranta.

Kada rana ɗaya ta tsorata ki. Zafin bazara, zazzaɓi da ciwon mafitsara duk suna tsananta alamun, in sun wuce jiki ya dawo. Sai raguwar ta zauna wata uku zuwa shida ake cewa ciwon ya ci gaba. Amma sabuwar alama da ta wuce kwana guda ba zazzaɓi, kamar ido ɗaya ya dushe, wannan kam a tafi asibiti, kar a jira ranar da aka ba ku.

Littafin nan ne ya nuna mana sawunta ya sauko daga takwas zuwa uku cikin wata biyar. Da shi na lallashe ta ta karɓi sanda, tun ba ta faɗi kusa da murhu ba. Sau ɗaya na taɓa auna ta a gaban baƙi, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Yanzu sai na saki labulen zaure tukuna.